Wasiƙa Daga Shisha: Wa Ya Haƙa Wannan Magudanar?

Wancan karon na yi alkawarin zan taɓo maganar kuɗin haya a Shisha bayan tafiyar alhazai, to ku yi min afuwa, ɗan baffana da ke Napoli ya wargaza min tsari.

Makon jiya ya cika min waya da hotuna. Wai shi da abokan aikinsa sun hau jirgin ruwa sun tsallaka wani tsibiri da ake kira Iskiya, tafiyar kamar awa guda daga Napoli. Tsibirin gaba ɗaya aman dutse ne ya haife shi, kuma rabon da ya yi aman wuta tun 1302. A gefensa akwai wani dutse tsaye cikin teku da ƙal'a a kansa, wadda Sarki Alfonso na Aragon ya haɗa da tsibirin da gadar dutse a 1441. Sai kuma wani lambu mai suna La Mortella, wanda wata mata 'yar Ajantina, Susana Walton, ta fara shukawa a 1956 cikin tsagin duwatsu. Masha Allah, wuri ya yi kyau, ban musa ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne saƙon da ya biyo baya: "Ku a can me kuke da shi ban da ramin mota da hotal?"

Kun san halin 'yan uwanmu na Turai. Mutum ya shekara shida yana wanke kwano, amma in ya tashi magana sai ka ce shi ya gina gadar.

Da farko na so in ce masa ai mu ma muna da ƙal'a a Makka, sai na tuna ba mu da ita. Ƙal'ar Ajyad da aka gina wajen 1780 a kan dutsen da ke kallon Harami, an rushe ta a Janairun 2002 har da dutsen, a wurin ne dogon benen agogo yake tsaye yanzu. Ina yaro lokacin, abin da kawai nake tunawa shi ne ƙura. Don haka sai na shiga lalube cikin tsofaffin hotunan wayata, na faɗa kan tafiyar da muka yi Khaibar a Janairun 2023, ni da ƙanwata da Kawu. Tun lokacin nake cewa zan rubuta labarin, ban rubuta ba, kuma ina jin na san dalili. Za mu zo wurin.

Mun tashi daga tashar jirgin ƙasa ta Rusaifa bayan asuba, kafin awa biyu da rabi muna Madina. Daga nan muka ɗauki hayar mota muka miƙi hanyar Tabuka, sama da kilomita 150 arewa. Wata biyu ke nan da hukuma ta buɗe wurin ga masu ziyara, a ƙarshen 2022. Umma ta haɗa mana guzuri, har da leda cike da dabino. Sai da muka yi nisa ƙanwata ta tuna mana cewa Larabawa suna da karin magana kan wawan da ya ɗauki dabino ya kai Khaibar. Kawu ya ce karin maganar bai hana shi ci ba, miƙo ledar.

Wanda bai taɓa ganin harra ba, ba zai gane ba sai ya gani. Mu 'yan Makka mun saba da duwatsu, daga tagar gidanmu ma dutse nake kallo, amma namu tsayayyu ne. Wannan kuwa shimfiɗe yake, baƙi ƙirin, iya ganinka, kamar an kifar da tukunyar kwalta ta daskare tana cikin tafasa. Narkakken dutse ne da ya malalo daga cikin ƙasa ya sandare. Harrar Khaibar ta haura murabba'in kilomita 12,000, kuma a cikinta akwai Jabal Abyad, farin dutse mai tsawon mita 2,093, da baƙin Jabal Ƙidr a kusa da shi. Kada ku ɗauka labarin zamanin da ba mutane ne. A shekara ta 654 bayan hijira, wato 1256, harrar da ke kudu da Madina ta yi aman wuta har mutanen gari suka taru a Masallaci suna kuka, wutar ta tsaya kafin ta iso su.

Kana cikin wannan baƙin, ka gaji da kallo, kwatsam sai ƙasa ta rufta gabanka, ka hango kwari kore shar, dabino a cunkushe. Ƙanwata ta ce, "Yaya, wannan ai tsibiri ne." Kuma gaskiyarta. Tsibiri ne, sai dai tekunsa na dutse.

Dalilin ruwan ba boyayye ba ne. Dutsen harra duk tsaga ne da ramuka, ruwan sama ba ya zama a kansa, nitsewa yake ya bi ta ƙarƙashi, rana ba ta samunsa, sai ya ɓullo a bakin harra inda kwari ya yanke ta. Shi ya sa Khaibar take da idanun ruwa masu gudu rani da damina a tsakiyar wurin da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta taka.

Aka haɗa mu da mai yi mana jagora, wani saurayi ɗan garin, baƙi kamar ni, wataƙila ma ya ɗan fi ni. Ya kai mu wani tudu inda ake hangen tsohon gari. Ga gidajen laka da baƙin dutse a jingine da juna, ba kowa, mutane sun daɗe da tashi sun koma sabon gari. Ga kuma ƙal'o'in a kan tuddai, kowace ta hau kan nata dutsen kamar jirgin ruwa da ya kafe. Ba a bari a hau, ginin ya tsufa, kuma abin da ido ke gani a sama na baya-bayan nan ne, an sha rushewa ana sake ɗorawa a kan tsohon tushe. Duk da haka, wallahi tsigar jikina ta tashi da ya nuna mana wadda ake kira Ƙamus. Duk wanda ya zauna gaban malam ya san labarin: Muharram na shekara ta 7 bayan hijira, an kewaye ƙal'o'in Yahudawan Khaibar ɗaya bayan ɗaya, wannan ta gagara, sai Manzon Allah (SAW) ya ba Sayyidina Ali tuta bayan ya yi masa addu'a kan ciwon ido, aka yi karon da Marhab ya faɗi. A nan ne kuma Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iske Annabi bayan dawowarsa daga Habasha.

Na ɗaga waya ina ta ɗauka. Kowa ma haka, duk wayoyi sama suke kallo. Da na juya, babu Kawu.

Bari in gaya muku waye Kawu, don ku gane. Yayan Umma ne. Ya zo ƙasar nan a shekarun 1970 yana saurayi, daga wani ƙauye a bakin kogi kusa da Wudil, inda mahaifinsu yake noman rani da jigo. Shekara arba'in yana aikin gini a Makka. In kuna tafiya da shi a mota daga Shisha zuwa Aziziyya sai ya ishe ku: wancan bene ni na zuba masa dakali, wancan mun kwana uku muna ɗaurin rodi. Larabcinsa har yau a karye yake, kuma ko a jikinsa. Nan garin in an ga baƙi akan ce masa "khal", wato kawu, wani da wasa, wani da raini. Shi cewa yake ai a kansa kaɗai suka faɗi daidai.

Can ƙasa na same shi, a hanyar da ta ratsa cikin dabino, ya tsuguna a bakin wata 'yar magudanar ruwa, ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu. Na ce, "Kawu, ana can ana bayanin yaƙi." Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ɗan nan, zo ka gani. Ka ga yadda aka karkata ta? Wanda ya yi wannan ya san ruwa. In ta fi haka gangara za ta cinye gefenta, in ta gaza haka ruwan zai kwanta. Ba da igiya aka auna ba, da ido ne." Ya bi ta da yatsa har inda ta rabu biyu, ya nuna min gurbin da ake toshewa da dutse in an gama ba wannan fangali a juya wa wancan. Ya ce haka Baffa yake yi a Wudil, sai dai shi da laka yake toshewa.

Da jagoran ya iso da sauran mutane, Kawu ya tare shi da Larabcinsa na 'yan gini. Bai tambaye shi Marhab ba. Cewa ya yi, "Wa ya haƙa wannan? Wa yake hawa itatuwan nan?" Yaron ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ya ammi, kakana. Da kakan kakana." Sai ya shiga ba shi labarin yadda ake hawa dabino da igiya a ƙugu, a yanko furen namiji a tsofa cikin na mace ɗaya bayan ɗaya, kowace bishiya, kowace shekara, ga ƙaya kamar mashi. Su biyun suka manta da mu. Rabin maganar da hannu aka yi ta.

To a nan ne abin da ya hana ni rubutu ya fara.

Bayan mun dawo na shiga karance-karance. Ashe tun ranar da aka ci Khaibar, maganar lambun ce ta fi ta ƙal'a tsawon rai. Da yaƙi ya ƙare, Annabi (SAW) ya bar mutanen garin a kan gonakinsu bisa sharaɗin su yi aiki a raba amfani biyu, kuma Abdullahi ɗan Rawaha ne ake aikawa ya kiyasta dabinon tun yana kan bishiya. Babin ba da gona a raba amfani da ake karantawa a fiƙihu, a kan wannan ƙasar aka kafa shi. Filin da Sayyidina Umar ya samu ya mayar waƙafi, wanda malamai ke kafa hujja da shi har gobe, a Khaibar yake. Daga baya, a zamanin halifancinsa, ya tashi Yahudawan zuwa Taima da Ariha. Amma dabino ba ya shayar da kansa. Dole wani ya zauna.

Kuma zama a Khaibar ba wasa ba ne, don ruwan nan da ya raya ta shi ne yake kashe mutane. Inda ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Masassarar Khaibar ta yi suna tun jahiliyya, har Larabawa suna da camfin cewa in za ka shiga garin, ka tsaya a bakin gari ka yi kukan jaki sau goma, wai sai zazzaɓin ya ɗauka kai ba mutum ba ne ya ƙyale ka. (Ƙanwata ta ce da ta sani da ta sa ni na gwada.) Saboda haka makiyayan ƙabilar Anaza, waɗanda suka mallaki yawancin dabinon a ƙarnonin baya, ba sa zama. Sukan sauko lokacin girbi su karɓi rabonsu su koma sahara. Masu zama cikin sauron shekara ta zagayo, su haƙa magudana, su hau bishiya, baƙaƙen fata ne, jikokin mutanen da aka kawo daga Afirka, da yawansu a matsayin bayi. Wani Baturen Ingila, Charles Doughty, ya yi watanni a garin daga ƙarshen 1877 zuwa farkon 1878, kuma ya kwatanta shi da ƙauyen Afirka a tsakiyar Hijaz. A 2015 wani masanin tarihi, Benjamin Reilly, ya fitar da littafi sukutum kan wannan: cewa a dausayoyin Larabawa masu zazzaɓi, 'yan Afirka aka riƙa zubawa su yi noma saboda jininsu ya fi jure cizon sauro.

Wannan jinin kuwa mun san shi. Tun 2004 ba a ɗaura aure a ƙasar nan sai an yi gwajin jini, kuma kowa a cikinmu ya san wani da aurensa ya tsaya a kan takardar nan, ko gidan da ake kwana asibiti da yaro mai sikila. Wanda ya gaji rabin abin, mai AS, yana samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani. Wanda ya gaji duka biyun shi ke biyan bashin. Ni AS ne. Ya'ani abin da ya sa Umma take min wa'azi duk lokacin da na ambaci wata yarinya, irinsa ne ya sa aka ga wasu sun dace da zama cikin fadamar Khaibar.

Kada wani ya ce na mayar da mutanen Khaibar Hausawa. Su 'yan Khaibar ne, 'yan ƙasa, da tarihinsu da danginsu, kuma sun riga kakannin da yawa daga masu yi musu kallon baƙi zama a wurin. Maganata a kanmu take.

Wanene a cikinmu ba a taɓa jifa da kalmar nan a makaranta ko a filin ƙwallo ba? "Takruni." Ko ɗaya kalmar, mai harafi uku, wadda ba zan rubuta ba. Kuma mece ce amsarmu? Ni dai na san tawa, don a gida aka koya min ita: "Mu ba bayi ba ne. Mu alhazai ne. Mutanenmu da ƙafarsu suka zo." Na faɗe ta ina aji huɗu, na faɗe ta ina sakandare, na faɗe ta da ƙirji a buɗe. Kuma akwai gaskiya a ciki. Tun kafin jirgin sama mutanenmu suke ratsa Chadi da Sudan, wasu shekara da shekaru a hanya, suna noma suna tara kuɗin jirgin ruwa a Sawakin. Bayan Burmi a 1903 jama'a da yawa suka yi gabas, har garin Mai Wurno ya kafu a bakin Nilu. Ba abin kunya ba ne a yi alfahari da wannan.

Amma ku saurari amsar da kyau. Me take cewa? Cewa take: zagin yana da masu shi, ka dai yi kuskuren gida. Wato na yarda akwai wanda ya cancanta, ni dai ba ni ba ne. Shekara ashirin ina ba da wannan amsa, ban taɓa jin nauyinta ba sai da na tsaya gaban yaron nan yana cewa "kakana" ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Da a ce a makaranta ɗaya muka yi, da shi nake nunawa da yatsa duk lokacin da na kare kaina.

Sannan ma wa ya ce layin a miƙe yake? Cikin masu tahowa Hajji da ƙafa akwai waɗanda aka sace a hanya aka sayar, har da yara. A can gida kuma, wa yake noma gandun sarki da rinjin attajirai? Ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936, nan kuma sai 1962. Kawu ya girmi dokar nan ta biyu. Duk wanda ya ce ya san kowace jijiya ta asalinsa har kaka bakwai, to a bar shi da Allah. Har yau a cikinmu, nan Makka, in an zo neman aure akwai tsofaffin da ke rage murya su ce a bincika "asali". Mu da ake wa, mu ne kuma muke yi.

Akwai wani labari a sira da ban taɓa riƙewa ba sai bayan tafiyar nan. Ana cikin kewaye ƙal'o'in, wani baƙin makiyayi da ke yi wa wani mutumin Khaibar kiwo ya zo wurin Annabi (SAW) ya musulunta. Damuwarsa ta farko tumakin da ke hannunsa, don amana ce. Aka ce ya kora su, za su koma wurin mai su. Ya watsa musu tsakuwa suka nufi ƙal'a, shi kuma ya shiga yaƙi aka kashe shi bai taɓa yin salla ko ɗaya ba. Sau nawa aka ba mu labarin Khaibar muna yara? Na riƙe ƙofar ƙal'a, na riƙe takobi, makiyayin ya zube min a hanya.

Wani abin kuma, a 2024 masu tonon tarihi na Faransa da Saudiyya suka sanar da cewa dausayin gaba ɗaya an taɓa kewaye shi da ganuwa mai tsawon kusan kilomita 14.5, wadda aka gina tsakanin 2250 da 1950 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka kuma gano wani ƙaramin gari a ciki, al-Natah, na mutum kamar 500. Da na karanta wa Kawu, cewa ya yi, "Ka gani ko? Lambun suka yi wa katanga. Wa zai yi wa dutse katanga?" Na ce masa Kano ma ai haka ne, ganuwar ta haɗa da gonaki. Ya ce shi ya sani tun kafin a haife ni.

Ga masu niyyar zuwa: ku je da sanyi, ku nemi bayanin lokacin buɗewa kafin ku kama hanya, ku sa takalmi mai ƙarfi don dutsen harra yana yanka kamar reza, silifas ɗin ƙanwata bai dawo da rai ba. In da hali ku ɗauki wani tsoho na gidanku. Za ku sha mita a mota, amma ku ɗauke shi.

Shi kuwa ɗan baffana, ina da hotunan Ƙamus sun fi talatin, wasu da hasken la'asar a kansu, da na tura masa ɗaya da bakinsa ya mutu. Ban tura ba. Na tura masa guda ɗaya da ƙanwata ta ɗauka ba mu sani ba: Kawu a tsugune, hula ta karkace, hannu cikin ruwa, yaron nan a tsaye kansa yana nuna masa wani abu a sama.

Bayan minti biyu ya amso: "Wannan kuma fa? Kawu ne yake gyaran lambatu?"

Na nuna wa Kawu. Ya sa tabarau ya duba, ya ce in tambaye shi, lambun matar nan 'yar Ajantina, wa yake ba shi ruwa? Na tura. Yau kwana shida, ya karanta, bai amsa ba.

Maganar haya sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.